Daga Tiga Zuwa Bosso: Su Wa Ke Da Ta Cewa a Kan Ruwan Komadugu?

Manomin tattasai a Diffa ba sama kaɗai yake kallo ba idan yana lissafin shekararsa. Yana kallon Komadugu, kogin da ya raba Nijar da Najeriya a wannan yanki, wanda yakan iso da damina ya cika gaɓa, sannan ya janye cikin rani ya bar kududdufai da danshin ƙasa. Idan kogin ya zo da wuri kuma ya daɗe, akwai tattasai a kasuwa, akwai kifi, akwai ciyawar dabbobi. Idan ya makara ko ya ƙafe da wuri, bashi ne ke jiran mutum. Idan kuwa ya zo da fushi, kamar yadda ya yi a watan Oktoban 2019, gonaki da gidaje duka yake kwashewa.

Mafarin wannan ruwa yana can nesa, inda manomin bai taɓa zuwa ba. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru. Daga tsaunukan Jos kuma kogin Jama'are ke gangarowa, ya ratsa jihar Bauchi, su gamu da ɗan'uwansa a kusa da Gashuwa. Daga nan sunansa Yobe, ko Komadugu a bakin Barebari. Ya wuce Gaidam, ya bi iyaka, ya faɗa Tafkin Chadi a wajejen Bosso. Jihohi shida na Najeriya da jihar Diffa ta Nijar ke cikin wannan kwari, mutanen da ke ci daga gare shi kuma sun haura miliyan 15. Duk wanda ya buɗe ko ya rufe ƙofar madatsa a Kano, ya taɓa tukunyar wani a Gashuwa da Bosso, ko ya sani ko bai sani ba.

To, wa ke yanke shawarar buɗewa da rufewar? Kuma idan an cuci na ƙasa, wa zai kai wa kuka?

Dokokin da aka yi ba majalisa

Wanda ya bi tarihin ruwan wannan yanki zai ga wani abu da ba a cika faɗa ba: kusan duk manyan shawarwarin an yanke su ne a zamanin mulkin soja, ba ta hannun zaɓaɓɓiyar majalisa ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a tsakiyar mulkin soja. Dokar da ta raba Najeriya zuwa hukumomin raya kogi, ciki har da ta Haɗeja-Jama'are, dokar soja ce ta 1976. Madatsar Challawa da ke Ƙaraye an gama ta a 1992. Babbar dokar ruwa da ake aiki da ita a Najeriya har yau ita ce doka mai lamba 101 ta 1993, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta bari. A Nijar ma, kundin dokar ruwa na ƙasa ya fito ne a watan Afrilun 2010, lokacin riƙon ƙwaryar Salou Djibo.

Ba wanda zai yi gaskiya ya ce Tiga ba ta yi amfani ba. Shinkafar Kura, tumatirin Kadawa, alkama da albasar da ake nomawa da rani, da ruwan famfon birnin Kano, duk albarkacinta ne da na Challawa. Audu Bako ya gina madatsu ne a shekarun da fari ya addabi Sahel, kuma Kanawa ba su manta masa ba. Sai dai lissafin da aka yi a lokacin na Kano ne. Ba a zaunar da masuncin Nguru ko manomin shinkafar Gashuwa an tambaye shi abin da zai rasa ba, domin babu wani zaure da aka tanada don irin wannan tambaya.

Abin da suka rasa kuwa ba kaɗan ba ne. A ƙarshen shekarun 1960, ambaliyar damina takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a fadamun Haɗeja da Nguru. Zuwa farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000. Fari yana da nasa kaso a wannan raguwa, madatsun ma suna da nasu. A wajen mutanen fadama, wannan ambaliya ita ce dukiyar. Ita ke kawo kifi, a cikinta ake shuka shinkafa, idan ta janye a bi danshinta da wake da masara, makiyaya su sauko da shanu, ruwan kuma ya nutse ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Wani bincike da masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka wallafa a 1998 ya auna ribar manyan ayyukan noman rani na sama da asarar da ake yi a fadama, ya gano cewa ribar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar ba.

Sai kuma ciyawar kachalla ta shigo. Kafin madatsun, kogin yakan zo da ƙarfi da damina ya wanke hanyoyinsa, ya bushe da rani. Da aka fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai hanyoyin suka daina bushewa, suka daina wankuwa. Laka ta taru, kachalla ta samu gida. Ta toshe tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana, ruwan ya karkata zuwa Marma da tafkin Nguru. Wasu ƙauyuka gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma a gefe guda ƙishi ya kama su. Jan-baki ya samu mafaka a cikin kachallar, yana fitowa ya cinye gero da shinkafa. Ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa ya zama ɗan kaɗan, har ya kasance kogin Jama'are, wanda ba a datse ba, shi ke riƙe da Yobe.

Waɗanda suka fara shiga ruwa

Ba majalisa ce ta fara ɗaga murya a kan wannan ba. A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN, da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya NCF, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila RSPB. Da farko tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a Dagona da Baturiya ne suka jawo hankalinsu. Ba a daɗe ba suka gane cewa ba a iya kare tsuntsu a fadamar da mutanenta ke jin yunwa, sai aikin ya koma auna ruwa, ƙidaya gonaki da kifi, da kai waɗannan alƙaluma gaban hukuma. Shi ya sa aka samu hujjar da ake riƙewa a yau. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi.

A farkon shekarun 2000, wani shiri da hukumar DFID ta Birtaniya ta ɗauki nauyi ya taimaka wa ƙauyuka suka haɗa kai. Abin da ya biyo baya ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Manoma, masunta da makiyaya, waɗanda a da ke zargin juna da toshe ruwa ko fasa gaɓa, suka zauna da bulamai da sarakunan ruwa suka zana hanyar kogin tun daga sama. Kowa ya ga cewa maƙwabcinsa ba shi ne ya jawo masa masifa ba. Aka yi gayya. Mutane suka shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, suna yankan kachalla, suna yashe laka, kilomita bayan kilomita. Inda aka buɗe, ruwa ya koma ƙauyukan da suka yi shekaru ba su gan shi ba.

Wannan ƙoƙari ne ya kai ga taron Damaturu na watan Yunin 2006. Bayan an yi ƙididdigar ruwan kwarin gaba ɗaya, an kuma tsara yadda za a riƙa kula da shi, jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe tare da gwamnatin tarayya ta Olusegun Obasanjo suka amince da kafa asusun amana na Haɗeja-Jama'are-Komadugu-Yobe, mai hedikwata a Damaturu. An kafa kwamitocin kula da ruwa a jihohin, inda ƙungiyoyin manoma da masunta da mata suka samu kujera. An kuma rubuta daftarin yarjejeniyar rabon ruwa, wadda za ta fayyace haƙƙin na sama da na ƙasa.

A nan tafiyar ta yi sanyi. Daftarin ya shafe shekaru yana jiran sa hannu, bai zama dokar da mutumin Gaidam zai riƙe ya shiga kotu da ita ba. Gwamnoni suka sauya, masu ba da tallafi suka naɗe tabarmarsu, kachalla ta dawo inda aka yanke ta. Ƙungiya tana iya tara jama'a, tana iya kawo alƙaluma, tana iya kunyata hukuma a rediyo. Ba ta iya yin doka, ba ta iya sa kuɗi a kasafi, ba ta iya kiran shugaban hukumar kogi ta titsiye shi a kan rantsuwa. Waɗannan uku aikin 'yan majalisa ne, kuma su ne aka rasa.

Kafin Zaki: kowa da mazaɓarsa

Ba a ce 'yan majalisa ba su taɓa magana ba. Sun yi, kuma rigimar madatsar Kafin Zaki ta nuna irin maganar. Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka ba da kwangilar datse kogin Jama'are a ƙasar Ningi. Aka dakatar a 1984, aka farfaɗo, aka sake dakatarwa. A 2008 gwamnatin Isa Yuguda ta Bauchi ta taso da maganar, Abdul Ningi, wanda ke wakiltar yankin a Majalisar Wakilai, ya mara mata baya. Hujjar Bauchi ba ta wasa ba ce: Kano ta datse nata ta ci moriya, don me za a hana Bauchi noman rani da aikin yi ga matasanta?

A 2009 Sanata Ahmad Lawan na Yobe ta Arewa ya fito ya ƙi. Ya nuna cewa Tiga da Challawa sun riga sun rage ruwan ƙwarai, Jama'are ne kaɗai ya rage wa Yobe, kuma datse shi zai ƙara talauci, gudun hijira da faɗan manoma da makiyaya. Mutanen Borno da na fadamun Jigawa suka bi bayansa.

Dukansu biyu aikin da aka zaɓe su su yi suka yi, babu laifi a nan. Abin da ya ɓace shi ne wurin da za a ajiye hujjojin biyu a auna: ruwa nawa Jama'are ke kawowa a shekarar fari, nawa za a iya riƙewa, nawa dole a saki kuma a wane wata, wa zai riƙe makullin. Da akwai dokar rabo, da amsar ba za ta tsaya a kan "a gina" ko "kada a gina" ba. Da babu ita, sai aka bar abin ga wanda ya fi kusa da fadar shugaban ƙasa a lokacin. Fiye da shekara 40 ke nan Bauchi ba ta samu madatsa ba, Yobe kuma ba ta samu tabbacin cewa ba za a wayi gari an datse ba. Manomin Diffa, wanda shi ma da Jama'are yake rayuwa, ko sunansa ba a ambata ba.

Ƙudirin da ya mutu a Abuja

Dama mafi girma ta zo da ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa, wanda gwamnatin Muhammadu Buhari ta aika wa majalisa a 2017. Manufarsa ita ce a haɗa tsofaffin dokokin ruwa wuri guda, a ba hukumar da ke tsara rabon ruwa ƙarfin doka, a kuma kafa tsarin kula da kowane kwari da masu amfani da ruwa a ciki. Majalisar Wakilai ta amince. A Majalisar Dattawa, a watan Mayun 2018, Ahmad Lawan ne ya gabatar da shi a matsayin jagoran masu rinjaye, Godswill Akpabio ya tashi ya soke shi, ƙudirin ya maƙale.

A 2020 ya dawo ta hannun Sada Soli, ɗan majalisar Jibiya da Kaita, shugaban kwamitin ruwa. Wannan karon ƙasar ta ɗauki zafi. Wole Soyinka, Gwamna Samuel Ortom na Binuwai, Afenifere, Ohanaeze da ƙungiyoyin Neja Delta da na tsakiyar Najeriya suka ce dabara ce ta ƙwace gaɓar koguna a miƙa wa makiyaya, wato Ruga ta bayan gida. Ƙungiyoyin ƙwadago da na kare haƙƙin jama'a kuma nasu tsoron daban ne: lasisin haƙa rijiyar burtsatse da sayar da ruwan gwamnati ga 'yan kasuwa. A ƙarshen Satumban 2020 wani ɗan majalisa daga Binuwai, Benjamin Mzondu, ya ƙalubalanci hanyar da aka bi aka dawo da ƙudirin, Shugaban Majalisa Femi Gbajabiamila ya ce a janye a sake bugawa. Aka sake kawo shi a 2022. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan kafin majalisa ta tara ta tashi, dattawa suka yi watsi da shi.

Masu ƙudirin sun yi sakaci. Doka irin wannan, da ta shafi rijiyar kowa da gaɓar kowa, a ƙasar da ake zubar da jini a kan kiwo, ba a shigo da ita a gurguje. Da an zagaya da ita shiyya-shiyya, an fassara, an saurari masu tsoro an gyara sassan da ke ba su tsoro, da wata magana ake yi. Amma masu murnar mutuwarsa ma akwai abin da ya kamata su duba. Dokar 1993 da aka bari a tsaye ta riga ta damƙa wa gwamnatin tarayya ikon duk ruwan da ya ratsa fiye da jiha ɗaya, na sama da na ƙarƙashin ƙasa, kuma minista ne ke riƙe da wannan iko. An guji ƙudirin saboda tsoron ƙarfin Abuja, aka zauna da dokar soja wadda ba ta tanadi kujera ga manomi ko masunci ba. Cikin shekara shida da aka yi ana wannan ja-in-ja, da wuya ka ji an ambaci kachalla, ko Marma, ko rijiyoyin da suka ƙafe a Yobe.

Ƙetaren iyaka

A takarda, Najeriya da Nijar sun daɗe da shiryawa. Suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai. A watan Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan kwari huɗu da suka haɗa: Maggiya da Lamiɗo, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan Komadugu. Wanda ya san yadda madatsar Jibiya ta shafi masu lambu a Gulbin Maraɗi ya san cewa maganar ba ta Diffa kaɗai ba ce. Ita ma wannan yarjejeniya shugabannin soja biyu ne suka ƙulla ta, Babangida da Ali Saibou.

Sama da wannan akwai Hukumar Tafkin Chadi, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa, Diori Hamani, Ahmadu Ahidjo da François Tombalbaye suka kafa ranar 22 ga Mayun 1964 a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. A lokacin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Ranar 30 ga Afrilun 2012 shugabannin ƙasashen suka amince da kundin ruwa na tafkin, wanda ya yi maganar iyakar ruwan da kowa zai ɗiba, ruwan da dole a bar wa kogi, sanar da maƙwabci kafin a gina madatsa, da haƙƙin jama'a na a ji ta bakinsu. Akwai ma kwamitin 'yan majalisun ƙasashen yankin a cikin tsarin hukumar.

Sai dai sashe na 12 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 a fili yake: babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sa hannun shugaba a Njamena ba ya ɗaure injiniyan da ke Tiga. Kuɗin da hukumar ke aiki da shi ma daga kasafin ƙasashe yake fitowa, Najeriya ce ke biyan kaso mafi girma, kuma jinkirin biya tsohon ciwo ne. Tun 2015 kuma yaƙin Boko Haram ya janye hankalin hukumar, domin babban sakatarenta shi ne kuma shugaban farar hula na rundunar haɗin gwiwa. A Nijar, juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, manomin Diffa ya rasa ko ɗan wakilin da zai tsaya masa a Yamai.

Wanda ke shakkar ƙarfin majalisa a harkar ruwa, ya dubi Kwango. Shekaru ana maganar Transaqua, shirin da kamfanin Bonifica na Italiya ya zana, na haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango zuwa kogin Shari domin cika Tafkin Chadi. A taron Abuja na Fabrairun 2018 an karɓe shi hannu bibbiyu, ana ƙiyasta kuɗinsa dala biliyan 50. Amma tun a Disambar 2015 majalisar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta riga ta yi dokar ruwa da ta ce ba za a fitar da ruwan ƙasar zuwa wata ƙasa ba sai an yi ƙuri'ar raba-gardama. 'Yan majalisa irin su Sanata Modeste Mutinga da Ève Bazaiba sun tsaya kai da fata. Mutum yana iya ganin sun tsananta, ganin halin da mutanen tafkin ke ciki. Duk da haka sun nuna cewa sashe ɗaya na doka ya fi taron shugabanni goma nauyi.

A ɓangaren ƙungiyoyi kuma, kwarin kogin Kwara ya ɗan yi gaba. Hukumar kogin, mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai, ta amince da kafa haɗakar masu amfani da ruwa a kowace ƙasa da kuma ta yanki, bayan taron da aka yi a Fada N'Gourma ta Burkina Faso a 2006. Kundin ruwanta na 2008 ya tabbatar da wannan matsayi. Da aka zo aikin madatsar Kandaji a jihar Tillaberi, wadda Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalinta a 2008 kuma za ta tashi dubun-dubatar mutane daga gidajensu, haɗakar ta Nijar ta shiga maganar diyya, da takardun mallakar sababbin gonaki, da neman a ware wa mutanen yankin wani kaso daga kuɗin wutar lantarki. Ba duk abin da suka nema suka samu ba, aikin ma ya yi ta tsayawa. Amma an yi maganar kafin ruwa ya rufe ƙauyukan, abin da mutanen Haɗeja da Nguru ba su samu ba a 1974.

Daren Alau

Cikin daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, gidan yari da gidan namun daji duk ruwa ya shiga. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, da yawansu waɗanda yaƙi ya riga ya kora sau ɗaya. Madatsar ta taɓa yin irin haka a 1994. Binciken 'yan jarida bayan abin ya faru ya nuna cewa mazauna kusa da ita sun daɗe suna kukan lalacewarta, kuma an sha sanya kuɗin gyaranta a kasafin tarayya. A farkon 2025 gwamnati ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta.

Kowane layi na wancan kasafi ta gaban kwamitin majalisa ya wuce. Kwamitin yana da ikon zuwa ya ga aikin da idonsa, ya nemi takardun kwangila, ya kira mutanen ƙauyen su faɗi abin da suka gani. Jihar Kano ma ta ga irin wannan a 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta fashe. Tiga ta haura shekara 50, Challawa ta haura 30, miliyoyin mutane kuma suna kwana a ƙarƙashinsu. Duk shekara Haɗeja, Auyo, Kirikasamma da Guri na zaman ɗar-ɗar idan Agusta ta kama.

Abin da aka saba gani daga ɗan majalisa a harkar ruwa shi ne rijiyar burtsatse mai ɗauke da sunansa, da buhunan shinkafa bayan ambaliya. Jama'a na buƙatar su, ba a raina ba. Amma rijiyar da aka haƙa a Gashuwa daga ambaliyar fadama take sha, ranar da fadamar ta mutu ita ma za ta bi ta. Su ma ƙungiyoyin akwai gyara a gare su. Da yawa sun saba da taron otal da rahoton Turanci da ake rubuta wa mai ba da tallafi, ba su saba da bin ƙudiri sashe-sashe a zauren majalisar jiha ba. Ƙungiyoyin masu noman rani, na masunta, na makiyaya da na mata masu sana'ar kifi su ne ke da ƙuri'a, su ne kuma ɗan siyasa ke jin tsoro.

Ba sai an jira Abuja ba. Majalisun dokokin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suna iya ɗauko daftarin da aka rubuta bayan taron Damaturu, su kafa kwamiti guda na haɗin gwiwa, su yi zaman jin ra'ayin jama'a a Kura, Haɗeja, Ningi, Nguru, Gashuwa da Gaidam, da Hausa da Barbarci da Badanci da Fulatanci, su gayyato manoman Diffa da Bosso ta hannun hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu. Su nemi hukumar kogi ta riƙa sanar da jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa a rediyo kafin kowace damina da kowane rani. Su sa wa asusun Damaturu kaso tsayayye a kasafin kowace shekara, su bi sawun kuɗin.

Zaɓen 2027 na tafe, masu neman kujera za su shigo waɗannan garuruwa da motoci da alkawura. Duk ƙungiyar manoma ko ta masunta da ɗan takara ya zo neman goyon bayanta, ta ajiye masa maganar dokar rabon ruwan Komadugu a rubuce, ta nemi ya sa hannu a gaban jama'a kafin ta ba shi ƙuri'a.